Gutsuren Burodin da Aka Hana Mijina

Mijina direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya. A shekarar fari na biyu, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa, aka ɗauke shi tare da wasu direbobi su riƙa kai hatsin taimako daga Yamai zuwa garuruwan arewa. Muna zaune a unguwar Gamkalley, ɗaki biyu a gidan haya, mu da ɗiyarmu 'yar shekara biyu. Ni tela ce, keken ɗinkina yana wata rumfa a kasuwar Wadata. Mu Kirista ne daga wani ƙauye a ƙasar Maradi, kuma a Yamai ba mu da dangi sai 'yan ikilisiyarmu, wata ƙaramar majami'a ta laka da rufin kwano wadda ko ranar biki ba mu cika benci goma ba.

Mutum ne mai surutu, mai son abinci, mai rera waƙa da ƙarfi ko da muryarsa ta kauce. In ya dawo daga tafiya, tun daga bakin titi ake jin dariyarsa. Haka ya je sau uku ya dawo. A karo na huɗu ya shigo gida da rana tsaka ba sallama, ya zauna a kan tabarma da takalminsa a ƙafa. Na zuba masa tuwo da miyar kuka. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce, "Mutanen waje sun ci?"

Na ce, "Waɗanne mutane?"

Ya ture kwanon.

Sai da aka yi mako guda ya faɗa mini, wata safiya ina wanki. A tafiyar nan an saka masa soja da bindiga a gaban mota, da umarnin kada ya tsaya ko'ina sai garin da aka rubuta a takarda. Bayan sun wuce garin Tawa suka tarar da mutane a gindin itatuwa a bakin hanya, makiyaya ne waɗanda dabbobinsu suka ƙare. Wata mace mai baƙin zane ta taso da ƙwarya a hannu tana bin motar da gudu. Yana ganinta ta madubi. Ya fara ɗaga ƙafarsa daga kan totur, sojan ya ce, "Shofer, taka." Ya taka. Ta yi ta gudu har ta faɗi. Bayan kwana uku, yana dawowa da mota wayam ba soja, ya tsaya a wurin ya tambayi mai baƙin zane. Wani tsoho ya nuna masa tudun ƙasa biyu da aka jera wa duwatsu, ya ce bai san wacce yake nufi ba.

Na ce, "Maigida, ba laifinka ba ne. Da ka tsaya, da sun harbe ka."

Ya ce, "Ƙafar wa ta taka? Tawa ko ta soja?"

Daga nan ya daina zuwa garaji, suka sa wani a madadinsa. Barci ya ƙaurace masa. Abinci kuwa, in na zuba masa sai ya ɗauka ya kai bakin titi ya ajiye, ya tsaya a kansa yana jira. Ruwa yake sha, wani lokaci ɗan fura in na matsa masa da kuka. Ba zan ce na zama mai haƙuri ba, don ban zama ba. Wata rana na dawo daga Wadata na tarar ya ɗauke tukunyar gaba ɗaya ya rabar, ɗiyarmu tana zaune tana kukan yunwa. A shekarar da tiyar hatsi ta fi ƙarfin talaka! Na kama rigarsa na jijjiga shi, na ce masa matar nan ta mutu, ta mutu, mu kuma muna da rai, ko so yake ya binne mu mu ma? Ya dube ni kamar ina magana da wani yare. A ƙarƙashin rigar hannuna ya ji ƙasusuwa kawai. Na sake shi na shiga ɗaki.

Sai na kai maganar ikilisiya, don can aka koya mini in kai. A lokacin fastonmu ya tafi ƙaro karatu, ragamar tana hannun babban dattijo, tsohon ma'aikacin wani buro, wato ofis, a unguwar Plateau, mutum mai farar riga kullum a goge, wanda kowa ke kira Baba. Ya zo gidanmu da dattawa biyu. Suka yi waƙa, suka yi addu'a, suka zauna suna kallon mijina. Baba ya ce abin ɗayan biyu ne: ko wani ruhu ya shige shi a daji, ko akwai zunubin da ya ɓoye. Ya tambaye ni ko na taɓa zuwa wurin boka, ko akwai laya a motar. Na ce babu. Sai ya ce mijina ya yi azumin kwana uku.

Na ce, "Baba, mutumin da ya yi wata guda bai ci ba, shi za a ce ya yi azumi?"

Ya ce, "Ke ma za ki yi, ɗiyata. Kuma ki rage baki."

Sannan ya juya ga mijina ya ce, "Ɗana, faɗi abin da ka aikata, ka sauke kayan nan."

Fuskar mijina ta saki, abin da na yi makonni ban gani ba. Ya gyara zama ya fara: hanyar Tawa, buhunan da ke bayansa, sojan da ke gefensa. Yana ambaton soja Baba ya miƙe tsaye, ya leƙa tsakar gida, ya ja ƙofa ya rufe. Ya ce da murya ƙasa ƙasa, "Ya isa. Wannan ba ita muke tambaya ba. Kada wannan magana ta sake fita daga bakinka, ko a ɗaki. Kana so a rufe mana majami'a?"

Na san zamanin. Ko a taksi mutum ba ya faɗin sunan shugaba, don bai san wa ke zaune kusa da shi ba. Mu 'yan kaɗan ne, kuma ɗan Baba yana aikin gwamnati. Na gane tsoronsa, har yanzu ina ganewa. Amma su suka ce ya faɗi abin da ke cinsa, da ya buɗe baki kuma suka toshe. Wani zunubin suke so, irin wanda ba ya jawo wa kowa fitina: mace, ko giya, ko sata. Na yi azumin kwana ukun ina taka keken ɗinki har idona na ganin duhu. Ba abin da ya canja, sai dai mijina ya daina magana kwata-kwata.

Ranar Lahadin farkon wata ita ce ranar jibin Ubangiji a majami'armu. Da safe na ga ya yi wanka da kansa, ya ɗauko rigarsa ta aure ya sa, tana lilo a jikinsa. Ya ce, "Yau zan ci."

Na ajiye tsintsiya na ce, "Me za ka ci? In dafa maka me?"

Ya ce, "A majami'a. Can kowa yana samun rabonsa."

Na goya ɗiyarmu muka tafi, ina tafe ina godiya a zuciyata. Gutsuren burodi ne da bai kai ɗan yatsa ba, amma na ce in wannan ya shiga, wani zai bi bayansa. Mu mata muna zama a hagu, maza a dama, saboda haka daga nesa nake kallonsa. Baba ne ke zagayawa da faranti, benci benci. Ya miƙa wa na kusa da mijina. Mijina ya buɗe tafin hannunsa. Baba ya ɗaga farantin sama kaɗan, ya tsallake shi, ya miƙa wa na gaba.

Hannun nan bai sauka ba. Aka zagaya da ƙoƙo, aka yi waƙar rufewa, aka sa albarka, hannunsa na nan a buɗe a kan gwiwarsa. Kowa ya gani. Masu waƙa suka ƙara murya, mata suka sunkuyar da kai, ba wanda ya ce uffan. Ni ma ban ce ba, nawa gutsuren yana bakina na kasa haɗiyewa. Da aka tashi na je na kama hannun na naɗe masa yatsun. Ya ce mini a hankali, "Daidai ne."

Na tare Baba a bakin ƙofa, mutane na gaisawa. Na ce, "Baba, me ya yi muku?"

Ya ce, "Ka'ida ce, ɗiyata. Wanda ba ya cikin hankalinsa ba a ba shi. Kuma bai tuba ba tukuna."

Na ce, "Teburin naku ne ko na Ubangiji?"

Wata daga cikin matan zumunta, ƙungiyar matan majami'armu, ta ja zanena ta ce in ji tsoron Allah. Na fizge.

Ranar Talata ina rumfa maƙwabcinmu ya zo a kan keke, wani Bazabarme mai garka a bakin gulbi, ya ce 'yan sanda sun tafi da mijina. Wai mijin nawa ya shiga tsakiyar titi ya tare wata kamiyo, ya buɗe hannuwa yana ihu a sauke hatsi, mutane na mutuwa a hanya ana wuce su. Na ruga gidan Baba na roƙe shi ya raka ni kwamisariya, ofishin 'yan sanda, tun da ya san manya kuma yana jin Faransanci. Ya ce zai sa mu a addu'a. Daga bakin zaure ya faɗa, bai ko ce in shigo ba.

Wadda ta raka ni wata tsohuwa ce da muke kira Inna, gwauruwa, mai share majami'a, mai tuyar ƙosai a unguwarmu. Ba ta iya karatu ba, ba a taɓa ba ta magana a taro ba. Ta ji labari ta sauke kaskonta ta biyo ni da mai a hannunta. Muka tarar da mijina zaune a ƙasa a bayan kanta, leɓensa ya fashe, ido ɗaya ya kumbura. Babban ɗan sandan da ke wurin, wani Badamagare mai furfura, ya dube shi ya dube ni, ya kira ni gefe.

Ya ce, "Madam, mijinki ba ɗan siyasa ba ne, marar lafiya ne. Ban rubuta komai ba tukuna. Ki kai shi gidan likita yanzu, kafin wanda zai rubuta ya zo."

Marar lafiya. Wata biyu ina cikin wannan hali, ba wanda ya furta kalmar nan sai ɗan sanda.

Sashen masu taɓin hankali yana can bayan asibiti, a kewaye da katanga. Majo, wato babban mai jinya na wurin, ya zaunar da mijina ya yi masa tambayoyi, ya bar shi ya faɗi labarin hanyar har ƙarshe. Ya ce mini ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma ba shi ne na farko da fari ya kawo musu ba. Ya ce da mun zo da wuri da ya fi sauƙi. Na ji kamar in koma majami'a in kife bencin nan ɗaya bayan ɗaya.

Aka yi masa allura, ya yi barci kusan kwana biyu. Amma ci ya gagara. Inna ce ta gano dabara. Ta kawo kwanon dambu ta ajiye a tsakiyar baranda, ta kira majinyatan da ke kusa, har da wani da ke ɗaure da zane a ƙugu yana magana da bango. Ta ce kowa ya sa hannu. Da kowa ya ci, ta juya ga mijina ta ce, "To ɗana, ba wanda ya rage sai kai." Ya duba dama, ya duba hagu, ya ɗebi loma ɗaya. Washegari biyu. Haka muka yi mako shida, kullum da babban kwano, a shekarar da ba wanda ke da abin rabawa. Inna ta riƙa kawo ƙosai, maƙwabcinmu yana aiko da shu, wato kabeji, da tumatir, mata biyu daga zumunta suna kawo gari a ɓoye suna roƙona kada in faɗa. Daga cikin dattawa ba wanda ya taka ƙofar wurin.

A makonnin nan na kasa addu'a. In na rufe ido faɗa ne ke fitowa. Na faɗa wa Inna wata rana muna zaune a gindin dogon yaro muna jiran a buɗe ƙofa. Na ce, "Inna, ni fa ba roƙo nake ba, tuhumarsa nake. Shi ya hana ruwa. Shi ya ga matar nan tana gudu. Yana kallo aka ɗaga faranti a gidansa. Yanzu kuma in durƙusa in ce na gode?"

Ta ce, "To ki yi masa faɗan. Ai da shi kike magana, ba da wani ba. Wanda aka rataye a kan gicciye mutane na wucewa suna kallo, muryarki ce za ta ba shi tsoro?"

Ban ji sanyi ba, amma na ci gaba da yin faɗan, safe da yamma, kuma da sunan Mai Ceto nake rufewa don ban san wata hanyar rufewa ba.

Aka sallame shi da ƙwayoyin da zai riƙa sha. Sun sa hannunsa rawa, tafiyarsa ta yi nauyi, dariyar nan ba ta dawo yadda take ba. Bai sake riƙe sitiyari ba. Maƙwabcinmu ya ɗauke shi aikin ban ruwa a garkarsa. A shekarar gulbi ya janye har ana ƙetarewa da ƙafa, sai an bi yashi da nisa kafin a cika bokiti, amma aikin ya karɓe shi. Yana ci, yana barci, yana ɗaukar ɗiyarsa a kafaɗa.

Da damina ta sauka aka shirya Lahadin godiya. Baba ya tsaya a gaba ya ce Ubangiji ya ji azumi da addu'ar dattawa ya kwance ɗan'uwanmu daga ɗauri, ga shi zaune a cikinmu. Aka yi guɗa. Sai ya ce matarsa ta taso ta ba da shaida.

Na tashi. Na ce ina gode wa Ubangiji, kuma zan faɗi ta hannun waɗanda ya yi aikinsa: wani ɗan sanda Musulmi, da majo da allurarsa, da mai garka, da Inna da ke zaune can baya kusa da tsintsiyarta. Na ce azumin da aka ɗora mana saura kaɗan ya kashe shi. Na ce a wannan ɗaki mutum ya miƙa hannu yana jin yunwa aka tsallake shi, dukanmu muna kallo, har da ni. Na ce mijina ciwo ya yi, ba aljani ba ne, kuma har yanzu yana shan magani, duk wanda nasa ya kamu ya zo in nuna masa ƙofar. Baba ya ɗaga hannu, mai ganga ya fara kiɗa, aka rufe muryata da waƙa.

Ina tsammanin mijina zai ji daɗi. Muka kama hanyar gida. Da muka shiga ya ce, "Kin kunyata dattijo a gaban jama'a."

Na ce, "Shi bai kunyata ka ba?"

Ya ce, "Bai yi kuskure ba. Ban cancanta ba."

Wannan ne abin da ban yafe ba. Ciwon ya gaya masa shi abin ƙi ne, ikilisiya kuma ta buga hatimi a kai. Magani ya dawo masa da barci da ci, amma bai cire wannan ba. Shekara biyu in an zo da faranti sai ya naɗe hannuwansa, ko bayan faston ya dawo ya ce a riƙa ba shi. Sai da faston ya zo gida da kansa, ya zauna a tabarma, ya bar ƙofa a buɗe, ya ce a ba shi labarin hanyar Tawa tun daga farko. Bai ce masa ba komai ba ne. Ya saurara, ya yi hawaye, suka yi addu'a saboda matar da ba su san sunanta ba. Bayan haka mijina ya koma karɓa. Ciwon kuma bai tafi gaba ɗaya ba, yakan motsa a wasu shekarun in zafi ya tsananta. In na ga alama ba na neman shawarar kowa, taksi nake tarewa.

Matan zumunta da yawa sun daina kawo mini ɗinki. An hana ni shiga ƙungiyar waƙa har wata shida. Ban bar majami'ar ba, don ban ga dalilin da zai sa ni ce zan fita ba.

Baba bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Bayan shekaru masu yawa ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Matarsa ta riga shi rasuwa, sai matan ikilisiya suka raba kwanaki ana kai masa abinci, aka sa ni ranar Alhamis. Na ce ba zan je ba. Mijina ya ce in ban je ba shi zai je da hannunsa mai rawa, sai na dama kunu na tafi.

Na same shi kwance a kan katifa a zaure, ya rame, rigarsa ta ɓaci da miyau. Ya gane ni, na gani a idonsa. Na tayar da shi na jingina shi da bango, na ɗaura masa tsumma a wuya. Shekara da shekaru ina shirya maganar da zan faɗa masa, ga shi yanzu ba ya iya amsawa, kuma wannan ma ya ba ni haushi. Na ba shi cokali na farko, rabi ya zubo, na goge. Na ce, "Baba, ban manta ba." Ya dube ni, ya haɗiye da ƙyar, ya sake buɗe baki. Na ɗebo na biyu na hura masa don da zafi.